Yap Ah Loy, Kapitan ɗin Sinawan Kuala Lumpur: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya ga Kuala Lumpur ta yau, babban birnin Maleshiya, da tagwayen benayen Petronas da jiragen ƙasa masu bi ta saman tituna, zai yi masa wuya ya yarda cewa a 1873 babu komai a wurin sai toka da ramukan kuza da ruwa ya cike. Mutumin da ya ƙi barin wannan kango, ya ci bashi ya sake tayar da shi, baƙo ne da ya sauka a ƙasar ba shi da ko sisi. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Wane ne Yap Ah Loy?

Basine ne ɗan ƙabilar Hakka, an haife shi ran 14 ga Maris 1837 a yankin Huizhou na lardin Guangdong, a kudancin ƙasar Sin. Ya yi ƙaura zuwa ƙasar Malaya, wadda yau take cikin Maleshiya, ya fara da leburanci, ya ƙare a matsayin attajirin kuza kuma Kapitan na uku na Sinawan Kuala Lumpur, wato shugaban al'ummarsu a garin. Ya riƙe wannan sarauta daga 1868 har rasuwarsa a 1885.

Me ya raba shi da gida tun yana ɗan shekara 17?

Talauci da rashin zaman lafiya. Iyayensa manoma ne marasa ƙarfi, a yankin da jama'a ta yi wa ƙasar noma yawa. Daular Qing ta sha kashi a hannun Ingila a yaƙin ofiyom na 1839 zuwa 1842, sannan tawayen Taiping ya ɓarke a 1850, ya shafe shekara goma sha huɗu yana cin rayukan miliyoyin mutane. Su kuma Hakka, ko a cikin Guangdong kallon baƙi ake musu, rigimar gona ba ta ƙarewa tsakaninsu da waɗanda suka riga su zama. Saurayin da ya tashi a wannan hali, labarin kuzar Malaya kaɗai ya ishe shi ɗaura ɗamara. A 1854 ya shiga jirgin ruwa daga Macau, ya sauka a Malaka.

Ya sami arziki da zuwansa?

Ko alama. Ya yi 'yan watanni a wata mahaƙa a Durian Tunggal, daga nan ya koma Kesang yana tsaron kanti wajen wani ɗan danginsu. Maigidan bai ga alamar yaron zai yi abin kirki ba, sai ya ba shi kuɗin jirgi ya ce ya koma gida. Kamar yadda masu tarihinsa suka ruwaito, yana jiran jirgi a Singafo ya zauna teburin caca, kuɗin suka tafi ƙaf. Kunya ta hana shi komawa wurin maigidansa, ga shi ba kuɗin komawa Sin. Sai ya nufi Lukut, garin kuza da ke tashe a lokacin, ya isa a 1856.

A Lukut kuku ya zama a wata mahaƙa. Aikin ya fi yadda ake zato, domin kuku shi ke sayo cefanen leburori, yana kuma ganin yadda kaya da bashi ke zagayawa tsakanin mai mahaƙa da 'yan kasuwa. Da ya tara ɗan jari sai ya fara fatauci: ya kai aladu mahaƙu ya sayar, ya karɓi kuza a madadin kuɗi, ya kai ta wurin dillalai. Fataucin ya kai shi Sungai Ujong, wajen Seremban ta yau, inda ya shiga cikin yaran Liu Ngim Kong, babban jarumin Kapitan Shin Kap. A 1860 faɗa ya tashi a can kan kuɗin kuza, aka kashe Kapitan Shin, shi Yap ya tsira da rauni. Bayan ƙura ta lafa aka ɗora shi kan shugabancin Sinawan wurin na ɗan lokaci, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai.

Wane irin aiki ne haƙar kuzar da ake ta wannan rigima a kanta?

Yawancin kuzar Malaya a cikin yashi da laka take, a ƙarƙashin kwaruruka, ba a cikin dutse ba. Sai a sare daji, a haƙa wawakeken rami, leburori su riƙa hawowa kan wani itace da aka sassaƙa masa matakai, kowa da sanda a kafaɗa da kwando biyu cike da ƙasa. A zuba ƙasar a doguwar magudanar katako, ruwa ya tafi da yashi, baƙin ƙwayar kuza mai nauyi ta kwanta a ƙasa. Babban abokin gabar mai mahaƙa ruwa ne, domin ƙasar ba ta rabuwa da ruwan sama. Sinawa sun zo da wata dabarar gida: sarƙar allunan katako da ke zagayawa cikin kwararo, wata babbar taya ta katako da ƙarfin ruwa ke kaɗawa tana juya ta, tana kwaso ruwan ramin dare da rana. In ta tsaya na 'yan makonni, ramin ya zama tafki. Narkarwa kuwa da dare ake yi saboda zafi, da gawayi da zugazugi, a zuba a ma'auni ta fito dunƙule-dunƙule.

Leburan da ke wannan aiki yawanci da bashi ya iso, bashin kuɗin jirginsa. Shinkafarsa da kifinsa da tabarsa da ofiyom ɗinsa duk daga kantin maigida yake ɗauka a kan farashin da maigida ya yanka, ba a yin lissafi sai bayan watanni. Da yawa ranar biya za su tarar babu abin da ya rage musu. Zazzaɓin cizon sauro da ciwon kumburin ƙafa na rashin abinci mai gina jiki sun kashe su ba adadi. Kuzar kuwa Turai take tafiya, inda ake shafe ƙarfen gwangwanin abinci da ita.

Mece ce sarautar Kapitan?

Tsohon tsari ne tun zamanin da Turawan Fotugal da na Holan suka riƙe Malaka, sarakunan Malay ma suka ɗauka. Mai ƙasa zai naɗa mutum ɗaya daga cikin baƙi ya zama shi ne idonsa da bakinsa a cikinsu. Bahaushen da ya san matsayin Sarkin Hausawa a Sabon Ibadan ko Sarkin Zango a Kumasi ya riga ya fahimci rabin abin: saukar da baƙo, raba gardama, tsaya wa ɗan'uwa a gaban hukuma. Sai dai Kapitan na garin kuza ikonsa ya wuce nan nesa, domin babu wata hukuma kusa da shi. Shi ne alƙali, shi ke da kurkuku, shi ke tara haraji, shi ke fita da mayaƙa.

A bayan kowane Kapitan akwai ƙungiyar asiri. Manyan biyu su ne Hai San da Ghee Hin. Sabon zuwa da ba shi da uwa ba shi da uba a ƙasar, ƙungiya ce ke sama masa aiki, ta kare shi, in ya mutu ta binne shi, shi kuma ya ɗauki makami ranar da aka kira shi. Yap Ah Loy shi ne jagoran Hai San a Kuala Lumpur.

Yaya aka yi ya zo Kuala Lumpur har ya zama Kapitan?

Garin jariri ne lokacin. A 1857 Raja Abdullah, mai riƙe da Klang, garin da ke kusa da bakin teku a jihar Selangor, ya samo jari daga 'yan kasuwar Malaka, ya tura Sinawa 87 su hau kogin Klang neman kuza. Suka sauka inda kogin Gombak ya haɗu da na Klang, suka shiga daji zuwa Ampang. Zazzaɓi ya kashe 69 daga cikinsu cikin ɗan lokaci, amma an sami kuzar, aka ƙaro wasu. Mahaɗar kogunan nan ita ce iyakar inda kwalekwalen kaya ke iya kaiwa, saboda haka kasuwa ta kafu a wurin. Hiu Siew ne Kapitan na farko, Liu Ngim Kong ya gaje shi, shi ne kuma ya aika wa tsohon yaronsa ya zo. Yap ya iso a 1862, ya riƙe wa Liu harkokinsa, ya buɗe mahaƙunsa na kansa da kantin magungunan gargajiyar Sin. A 1865 ya auri Kok Kang Keown.

Liu ya rasu a 1868 bayan ya nuna Yap a matsayin magajinsa. Dangin mamacin ba su ji daɗi ba, suna ganin sarauta da dukiya sun fita daga gidansu. Abin da ya taimaki Yap shi ne goyon bayan Sutan Puasa, babban ɗan kasuwa daga ƙabilar Mandailing ta Sumatra, wanda ke da faɗa a ji a bakin kogin. A 1869 aka yi bikin naɗinsa. Wanda ya fito ya ja da shi kuwa Chong Chong ne, mutumin da Yap ya taɓa yi wa aiki a Lukut.

Me ya haɗa ɗan kasuwa da yaƙin basasar Selangor?

Duk dunƙulen kuzar da ya fito daga Kuala Lumpur sai ya bi kogi ya wuce ta Klang, wanda ke riƙe da bakin kogin shi ke karɓar haraji. Kan wannan ne 'ya'yan sarauta suka fara yaƙi a 1867, Raja Mahdi ya ƙwace Klang daga Raja Abdullah. Sultan Abdul Samad na Selangor ya ba surukinsa Tengku Kudin, ɗan sarautar jihar Kedah, wakilcinsa, shi kuma ya kori Mahdi daga Klang a 1870. Mai kuza a saman kogi ba shi da damar cewa ba ruwansa. Yap ya bi Kudin, abokan gabarsa na Ghee Hin suka bi Mahdi da jarumin yaƙinsa Syed Mashhor.

Yaƙin ya yi muni, kuma hannun Yap bai fita da tsabta ba. Bayan an kashe amininsa Yap Ah Sze, mutanensa sun far wa mahaƙan Kanching a 1870, aka kashe mutane masu yawa. An kuma ruwaito cewa yana biyan lada da azurfa a kan kowane kan abokin gaba da aka kawo masa kasuwa. Ya kare garinsa daga hare-hare a 1870 da 1871, amma a watan Agustan 1872 Syed Mashhor ya ci Kuala Lumpur, wasu abokan kawancen Yap sun juya masa baya, aka kashe sojojin haya na Kudin har da Turawa biyu da ke jagorantarsu. Aka cinna wa garin wuta. Yap ya tsere ta cikin daji zuwa Klang da ragowar mutanensa. A 1873 ya dawo tare da mayaƙan da maƙwabciyar jihar Pahang ta aiko wa Kudin, suka ƙwato wurin.

To, me ya hana shi tattara nasa ya nasa ya koma wani wuri?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma a nan ne mutumin ya bambanta da sauran jagororin ƙungiyoyin asiri na zamaninsa. Abin da ya tarar a 1873 ba gari ba ne. Gidaje sun ƙone, ramuka sun cika da ruwa, injinan katako sun ruɓe, leburori sun mutu ko sun watse. Dukiyarsa ta tafi a yaƙi. Kamar hakan bai isa ba, farashin kuza ya faɗi a kasuwar duniya, ya zauna a ƙasa shekara da shekaru. Garuruwan kuza a Malaya haka suke mutuwa: Lukut, inda ya yi kuku, ta shuɗe, daji ya cinye ta. Babu abin da ya nuna Kuala Lumpur za ta kauce wa wannan makoma.

Shi kuwa ya zauna. Ya bi 'yan kasuwar Malaka da Singafo yana cin bashi da ruwa mai tsada, ya karɓi rance daga gwamnatin Selangor, ya aika aka ɗebo leburori daga wasu garuruwa da kuma daga Sin kai tsaye. Da ya ga kuɗin shinkafar da ake haurowa da ita ta kogi na cinye ribar mahaƙa, sai ya ƙarfafa wa manoma Malay gwiwa su zauna kewaye da garin su noma ta. Ya share hanyoyi daga kasuwa zuwa mahaƙun Ampang da Pudu da Petaling, waɗanda su ne asalin wasu manyan titunan birnin na yau. Ya gwada masana'antar sarrafa rogo a kan hanyar Petaling don kada garin ya dogara da kuza kaɗai. Ba ta yi riba ba, amma har yau Sinawan birnin da sunan wannan masana'anta suke kiran titin a harshensu. Wajen 1878 yana gab da karyewa, masu bin sa bashi sun ƙosa.

A 1879 farashin kuza ya tashi sama. Cikin ɗan lokaci ya biya basussukansa, mutane suka riƙa kwararowa. Wani zai ce sa'a ce, kuma lallai akwai ta. Amma tashin farashi ba ya amfanar ramin da ruwa ya shanye. Ya amfani Kuala Lumpur ne saboda akwai wanda ya yi shekara shida yana ciyar da leburori da kuɗin bashi, yana kwashe ruwa daga ramukan da ba sa biyan kansu. Frank Swettenham, jami'in mulkin mallakar Ingila, ya rubuta cewa a ganinsa naciyar wannan mutum ce kaɗai ta riƙe Sinawa a ƙasar.

Dukiyarsa duk daga kuza ta fito?

A'a, kuma bai kamata a ɓoye wannan ba. Ban da mahaƙu da gidajen haya da kasuwar garin da take hannunsa, yana cin riba daga rumfar caca, da sayar da ofiyom da giya, da gidajen karuwai. A tsarin lokacin hukuma takan sayar wa attajiri kwangilar waɗannan abubuwa, shi kuma ya tatsi kuɗinsa daga jama'a. Ma'anarsa ita ce ladan da lebura ya karɓa da rana yakan koma aljihun maigida da dare. Mutumin da caca ta taɓa tsiyata shi a Singafo ya san sarai abin da rumfar nan ke yi wa samari. Abin takaici ne, kuma duk wanda zai yabe shi da gaskiya dole ya faɗi wannan tare da yabon.

Yaya ya yi da Turawan Ingila?

Bayan yaƙin, Ingila ta shigo harkokin jihohin Malay. A 1875 aka tura wa Sultan na Selangor Razdan na farko, J. G. Davidson, amma a Klang ya zauna, tafiyar kwanaki ta kogi. Saboda haka har 1880 Yap ne gwamnatin Kuala Lumpur, da 'yan doka shida kacal da ƙaramin kurkuku, kuma baƙin da suka ziyarci garin sun shaidi cewa akwai oda. Da kuza ta yi daraja, sai Razdan Bloomfield Douglas ya dawo da hedikwatar jiha Kuala Lumpur a 1880. Turawa suka kafa ofisoshinsu a kan tudu a hayin kogi, ikon shari'a da na haraji suka fara zamewa daga hannun Kapitan.

Rigimarsu mafi tsanani a kan fili ce. Yap yana ganin ƙasar da ya share da kuɗinsa, ya kare da jinin mutanensa, tasa ce. Su kuma suna tambayar takarda. An daɗe ana ja-in-ja kan filin kasuwa da layin tituna, ya sami wasu, ya rasa wasu. Ya zauna a majalisar jihar Selangor, ana girmama shi, amma zamanin da maganarsa ce doka ya wuce.

Mene ne labarin gobara da ambaliyar 1881?

Gidajen garin na katako ne da rufin ganye, a cunkushe, lunguna ƙanana cike da shara. A watan Janairun 1881 wuta ta tashi ta cinye kusan garin duka, kuma shi ne ya fi kowa asara tunda yawancin gidajen nasa ne. Ana cikin sake gini, a watan Disamba ruwa ya zo ya rushe abin da aka tayar. Da Swettenham ya zama Razdan a 1882 ya kafa dokar a sake gina garin da jan bulo da rufin tayil, titi bayan titi, a kuma faɗaɗa hanyoyi. Yap ya buɗe wurin gasa bulo a gefen gari don wannan aiki. Unguwar ita ce Brickfields ta yau, inda babbar tashar jiragen ƙasa ta KL Sentral take.

Ban da kasuwanci, me ya yi wa jama'arsa?

Ya kafa gidan jinya inda leburan da ciwo ya kayar, ba shi da kowa, zai sami wurin kwanciya da abinci. A 1884 ya jagoranci buɗe makarantar Sinawa ta farko a garin. Tun 1864 kuma ya gina wurin bautar Sin Sze Si Ya don tunawa da Kapitan Shin, shugabansa da aka kashe a Sungai Ujong, wanda mahaƙan suka ɗauka majiɓincinsu bisa addininsu na gargajiya. Shi ne wurin bautar Sinawa mafi tsufa a birnin, yana nan kusa da Central Market, kuma a lokacinsa nan ne ake taron al'umma da sasanta rigingimu.

Shi ne ya kafa Kuala Lumpur?

Wannan magana tana ta da jijiyar wuya a Maleshiya, domin ta taɓa batun ƙabila da na wa ya riga wa. Wasu suna ba Raja Abdullah wannan matsayi tunda shi ya tura mahaƙan 1857. Wasu suna kawo Sutan Puasa da 'yan kasuwar Sumatra da ke zaune a bakin kogin tun farko. Ta fuskar shekaru dai Yap bai kafa garin ba: ya zo bayan shekara biyar, Kapitan biyu sun riga shi. Abin da ba a iya ƙwace masa shi ne tsakanin 1873 da 1880, lokacin da garin ya mutu ya dawo, kuma da wuya a nuna wani mutum guda da ya ɗauki nauyin wannan dawowa kamarsa. Lokacin da Turawa suka zo neman hedikwata, gari mai rai suka tarar.

Yaya ƙarshensa ya kasance, kuma ina sarautar ta kwana?

Ya yi niyyar kai ziyara Sin a 1884, harkoki suka riƙe shi. A ƙarshen shekarar ciwon ƙirji ya kama shi, ya tsaya kan magungunan gargajiyarsu, ya rasu ran 15 ga Afrilu 1885 yana da shekara 48, bai sake taka ƙasar haihuwarsa ba tun fitowarsa. An binne shi a Kuala Lumpur, kabarinsa yana maƙabartar Kwong Tong, akwai kuma ɗan gajeren titi mai sunansa a tsohuwar unguwar kasuwa.

Shekara ɗaya bayan rasuwarsa, a 1886, jirgin ƙasa ya haɗa garin da Klang. Jama'ar da ba ta wuce 4,500 ba a 1884 ta kai wajen 20,000 a 1890, a 1896 kuma garin ya zama babban birnin Tarayyar Jihohin Malay. Yap Ah Shak ne ya gaje shi a sarauta har 1889, sai Yap Kwan Seng, wanda ya rasu a 1902. Bayansa Turawa ba su sake naɗa kowa ba, suka mayar da al'amuran Sinawa ƙarƙashin ofishin wani jami'insu.